Mage Mai Lamba 400: Yadda Gubar Zaiba Ta Ci Minamata a Hankali

Ranar 21 ga Afrilu, 1956, aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin Chisso da ke garin Minamata, can kudancin Japan. Tafiya ta gagare ta, harshenta ya yi nauyi, jifa-jifa kuma jikinta ya kama jijjiga. Ba a yi kwana uku ba ƙanwarta ma ta kamu da irin wannan ciwo. Uwarsu ta shaida wa likitoci cewa 'yar maƙwabtansu ma haka take kwance. Da aka bi unguwar gida-gida sai aka tarar da ƙarin mutum takwas. Ranar 1 ga Mayu, shugaban asibitin, Dakta Hajime Hosokawa, ya kai wa ofishin lafiya na yankin rahoton ɓullar wata cuta da ba a san ta ba, mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Daga wannan rana zuwa ranar da gwamnatin Japan ta buɗe baki ta ce ga abin da ya jawo cutar, ga kuma wanda ya zuba shi a ruwa, an ɗauki shekara 12 da 'yan watanni. A duk tsawon lokacin, in ka cire wata huɗun ƙarshe, gubar ba ta daina kwarara daga masana'antar ba. Wanda ya karanta tarihin a gurguje zai ɗauka ilimi ne ya yi ƙaranci a wancan zamani. Ni dai da na bi ranakun ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani shi ne cikin wata shida aka san abin da ya isa a ceci mutane da shi. Sauran shekarun gardama ce ta cinye su: wa zai kawo hujja, kuma hujja nawa ce za ta isa.

Gari da ubangidansa

Minamata na bakin tekun Shiranui ne, a lardin Kumamoto da ke tsibirin Kyushu. Tekun a rufe yake kusan ta kowane gefe, tsibirai sun kare shi daga babban teku, ruwansa kwance, kifi ya wadata. A 1908 aka buɗe masana'antar da daga baya aka san ta da suna Chisso, ta fara da takin zamani, ta yi ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun sinadarai na ƙasar. Garin ya girma a jikinta. Kaso mai tsoka na harajin da ƙaramar hukumar ke samu daga kamfanin da ma'aikatansa yake fitowa, kuma magajin garin a lokacin da cutar ta ɓulla, Hikoshichi Hashimoto, tsohon shugaban masana'antar ne. A irin wannan gari, wanda ya zagi kamfani ya zagi abincin maƙwabcinsa.

Masunta sun daɗe suna kuka. Tun 1926, da kuma 1943, kamfanin ya biya ƙungiyarsu kuɗi saboda ɓarnar da dagwalonsa ke yi wa kamun kifi. Wato an saba: a ɓata ruwa, a biya wani abu, a ci gaba.

A 1932 aka fara sarrafa wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda ake bi ta kansa a samu kayan haɗa roba. Shekarar farko tan 210 aka yi. A 1960 ya haura tan 45,000. Hanyar sarrafa shi na buƙatar zaiba a matsayin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, kuma a cikin tukunyar aikin wani ɓangare na zaibar yakan rikiɗe ya zama wani abu daban. Wannan abin ne ke bin magudana ya faɗa tashar jiragen ruwa ta Hyakken, daga nan ya shiga lungun tekun Minamata.

Zaiba iri-iri ce. Akwai wadda kowa ya sani, mai kama da narkakkiyar azurfa a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Ita wannan hanji ba ya ɗaukar ta sosai, tururinta ne abin tsoro. Amma in ta haɗu da wani ɗan guntun sinadari mai kabon, ta zama abin da masana ke kira metil-makuri, hali ya sauya ke nan. Hanji na tsotse fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka ci. A cikin jini tana liƙe wa wani tubalin gina jiki, su biyun su yi kama da wani abinci da ƙwayoyin jiki ke buɗe wa ƙofa da kansu. Da wannan shigar burtu take ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, da shi kuma take ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Fitarta kuwa da nawa: jiki na buƙatar kwana 50 zuwa 70 kafin ya rage rabin abin da ya shiga. Mutumin da ke cin gurɓataccen kifi safe da yamma bai gama fitar da ta jiya ba ya ƙara ta yau.

Haka take yi a cikin teku ma. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci dubbansu, babban kifi ya ci ƙananan, kowane mataki gubar na ƙara kauri. Ruwan da za ka gwada ka ga abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, kifin da ke cikinsa na iya ɗauke da ninki dubbai. Kifin kuma ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano. Masunta, waɗanda suka fi kowa sanin kifi, ba su da yadda za su gane.

Dabbobi ne suka fara nunawa. Tun farkon shekarun 1950 mutanen ƙauyukan masunta ke ganin magunansu suna tangaɗi, suna juyi wuri ɗaya, yawu na dalala, wasu su ruga su faɗa teku. Har suna aka sa wa abin: ciwon rawar mage. Hankaki na faɗowa daga sama, kifi na tasowa saman ruwa a mace, ciyawar teku ta daina fitowa. A wasu ƙauyukan maguna sun ƙare ƙaf, ɓeraye suka samu sake suna cinye komar masunta. Ruwa ba ya tsami banza, amma babu hukumar da ta ɗauki mutuwar mage a matsayin aikinta.

A jikin mutum abin yakan fara ne da ƙanƙanta. Yatsun hannu da na ƙafa su mutu, leɓɓa su yi kamar ba naka ba. Masunci ya ga ya kasa ɗaura ƙugiya. Mace ta tsaya tana kokawa da maɓallin riga. Takalmi ya zame daga ƙafa mutum ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Sai gani ya tsuke, gefe da gefe su ɓace, a koma kallon duniya kamar ta cikin bututu. Kunne na jin sauti amma ba ya tsinkar magana. Tafiya ta koma ta mashayi. Waɗanda abin ya yi wa tsanani sukan kai ga jijjiga da ihu da fita hayyaci, su rasu cikin makonni. Da aka duba ƙwaƙwalwar mamatan, an ga wuraren da gubar ta fi ci: sashen gani da ke ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, da sashen jin taɓawa. Ƙwayoyin da suka mutu a nan ba sa dawowa.

Wata shida na farko

Da yake gidaje maƙwabtan juna ne ke kamuwa, an fara zaton annoba ce mai yaɗuwa. Aka killace marasa lafiya, aka yi wa gidajensu feshi a gaban jama'a. Ba a daɗe ba aka gane ba ta yaɗuwa, amma tabon ya riga ya zauna. An daina shiga gidajensu, wasu masu shaguna suka ƙi karɓar kuɗi daga hannunsu, auren 'ya'yansu ya yi wuya. Wannan ya yi tasirin da ba a cika lissafawa ba: iyalai da yawa suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu, ƙungiyoyin masunta ma ba sa son a ji an samu mai cutar a ƙauyensu, don kada kifinsu ya rasa mai saye. Alƙaluman farko ke nan suka fito ƙasa da gaskiya.

A watan Agusta na 1956 Jami'ar Kumamoto ta kafa ayarin bincike. Zuwa Oktoba an ƙirga mutum 40, 14 sun rasu. Masu binciken suka lura cewa kusan duka iyalan masunta ne, abincinsu kifi da ƙumbar lungun Minamata, kuma magunan da ke cin ragowar abincin gidan su ma suna mutuwa. Ranar 4 ga Nuwamba, 1956, suka bayyana cewa guba ce ta wani ƙarfe mai nauyi, tana shiga jiki ta hanyar kifi da ƙumba.

A nan ya kamata labarin ya tsaya. In mutum goma suka ci daga tukunya ɗaya suka kwanta, ba a jiran a san sunan abin da ke ciki kafin a rufe tukunyar. A 1957 lardin Kumamoto ya tuntuɓi ma'aikatar lafiya ta ƙasa a Tokyo ko za a yi amfani da dokar tsaftar abinci a hana kamun kifi a wurin. Amsar da ta zo a watan Satumba ita ce ba za a iya ba, domin babu tabbatacciyar shaida cewa dukkan kifi da ƙumbar lungun sun gurɓata. A lura da kalmar: dukkan. Sharaɗi ne da ba a taɓa cika shi a kowace irin gubar abinci ba. Aka bar abin a matsayin shawara, masunta su kame da kansu. Ga mutumin da ba shi da wata sana'a, kasuwa ta ƙi kifinsa, ga yara a gida, shawarar ta zama gaba kura baya sayaki. Abin da ya kasa sayarwa shi yake ci.

Masu bincike kuwa suka shiga neman sunan ƙarfen. Laka da kifin lungun cike suke da abubuwa barkatai, don haka aka bi manganis, aka bi seleniyam, aka bi taliyam, kowanne ya ci watanni. Kamfanin, wanda shi kaɗai ya san abin da ke cikin tukwanensa, bai ba da haɗin kai ba. Haske ya zo ne daga wani tsohon rahoto na wurin aiki. A 1940 likitoci a Ingila, ciki har da Donald Hunter da Dorothy Russell, sun bayyana halin wasu ma'aikata huɗu da suka shaƙi metil-makuri a masana'antar maganin feshin iri: mutuwar yatsu, tsukewar gani, tangaɗi, nauyin harshe. A 1958 wani likitan jijiyoyi ɗan Birtaniya, Douglas McAlpine, ya ziyarci Minamata ya ce abin da ya gani ya yi kama da wannan. Likitan binciken gawa na Kumamoto, Tadao Takeuchi, shi ma ya bi wannan sawu. Da aka gwada lakar bakin magudanar Hyakken a 1959, aka samu zaiba kimanin kilo biyu a kowane tan, adadin da ya kai a haƙa don riba. A gashin wani mara lafiya an samu kashi 705 cikin miliyan, alhali na mutanen wasu yankuna bai wuce huɗu ba. A watan Yuli na 1959 ayarin ya sanar da cewa zaiba ce.

Kafin nan kamfanin ya riga ya yi wani abu da ya fi komai muni a ganina. A Satumba 1958 ya karkatar da dagwalon sashen asitaldihaid daga Hyakken zuwa bakin kogin Minamata, wanda ke zuba kai tsaye cikin tekun Shiranui. Cikin watanni aka fara samun masu cutar a ƙauyukan arewa da ba su taɓa ganinta ba, maguna suka fara mutuwa a tsibiran ƙetare. Da wani masani ne ya tsara haka da gangan, da an kira shi gwaji a kan bil'adama: an matsar da bututu, cuta ta bi shi.

Shekarar 1959

Dakta Hosokawa ma'aikacin kamfanin ne, amma likita ne. A watan Yuli na 1959 ya fara zuba ruwan magudanar sashen asitaldihaid a abincin wata mage cikin waɗanda yake gwaji da su, mai lamba 400. Bayan kamar wata biyu da rabi, a farkon Oktoba, ta fara jijjiga, tana dalalar da yawu, tana ruga wa bango. Binciken ƙwaƙwalwarta ya nuna irin ɓarnar da ake gani a mutane. Ya kai wa shugabannin sashen fasaha sakamakon. Aka hana shi ci gaba da ɗibar ruwan, aka rufe maganar. Shi ma bai fito ya faɗa wa duniya ba, ya bar aiki a 1962 da sirrin a cikinsa. Mutane sun sha gardama a kan yadda za a auna shi. Shi ya fara kai rahoton cutar, shi ya gano tushenta, shi kuma ya yi shiru shekara 10.

A waje kuwa, kamfanin da masu goya masa baya a harkar sinadarai suna ta jefo wasu bayanai. Aka ce ai bama-baman da sojoji suka zubar a teku bayan yaƙin duniya na biyu ne. Aka ce ruɓaɓɓen kifi ne mutanen ke ci. Ba a buƙatar ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata. Aikinsu kawai su sa jarida ta rubuta cewa masana sun rabu biyu, kuma sun yi.

Ranar 2 ga Nuwamba masunta suka kutsa cikin masana'antar, aka yi fashe-fashe, aka ji raunuka, sai a lokacin manyan jaridun Tokyo suka waiwayo. Ranar 12 ga watan, kwamitin da ma'aikatar lafiya ta kafa ya miƙa rahoto cewa wani nau'in zaiba ne ke jawo cutar, bai ambaci inda take fitowa ba. Washegari aka rushe kwamitin.

A Disamba kamfanin ya ƙaddamar da na'urar tace ruwa mai suna Cyclator, aka yi biki. Shugaban kamfanin, Kiichi Yoshioka, ya ɗaga kofi ya sha ruwan da aka ce daga na'urar ya fito. Daga baya ta bayyana cewa ba a ƙera na'urar don cire narkakkiyar zaiba ba, kuma dagwalon sashen asitaldihaid ma ba ta cikinta yake bi ba. Amma jama'a sun ga an sha, hankali ya kwanta.

Ranar 30 ga Disamba, ana jajibirin sabuwar shekara, lokacin da bashi ke matsa wa kowane gida, aka sa iyalan marasa lafiya suka sa hannu a wata yarjejeniya. Ba a kira kuɗin diyya ba, an kira su mimaikin, wato kuɗin jaje, irin wanda ake kai wa mara lafiya don zumunci. Babba yen 100,000 a shekara, yaro yen 30,000, wanda ya rasu yen 300,000 da ɗan abin jana'iza. A ciki akwai sharaɗin cewa ko da nan gaba an tabbatar dagwalon kamfanin ne sanadi, ba za su nemi ƙari ba. Kusan wata uku ke nan da mage mai lamba 400 ta faɗi.

Shekarun shiru

Daga 1960 aka ɗauka magana ta ƙare. Sarrafa asitaldihaid kuwa a lokacin ya kai ƙololuwa.

A ƙauyukan masunta an yi ta haihuwar yara da ba sa iya riƙe wuya, ba sa zama, ba sa magana, idanu a karkace, gaɓoɓi a murɗe. Likitoci suka ce shanyewar ƙwaƙwalwa ce irin wadda ake gani ko'ina, domin yaran ba su taɓa cin kifi ba, kuma abin da aka koya a makarantar likitanci shi ne mabiyiya na tare guba. Iyaye mata ba su yarda ba. Sun ga yaran duk kamarsu ɗaya, shekarun haihuwarsu ɗaya, kuma su iyayen ciwonsu bai kai na mazajensu ba duk da kwano ɗaya suke ci. Fahimtarsu ita ce ɗan da ke ciki ne ya kwashe gubar. Wani matashin likita, Masazumi Harada, ya saurare su, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana rubuta alamominsu. Bayan rasuwar biyu daga cikinsu aka duba ƙwaƙwalwarsu, aka ga zaiba ce. A Nuwamba 1962 aka amince da rukunin farko na waɗanda aka haifa da cutar. Daga baya Harada ya yi amfani da wata al'adar Japanawa ta adana busasshiyar cibiyar jariri a ɗan akwati. Ya bi gidaje yana roƙon cibiyoyin, aka auna zaibar da ke cikinsu shekara bayan shekara, aka ga tana hawa da sauka tare da yawan abin da masana'antar ke sarrafawa.

Hukumomin lafiya na lardin Kumamoto da maƙwabcinsa Kagoshima sun gwada gashin mutane da yawa a farkon shekarun 1960. An samu wata mata a tsibirin Goshonoura da kashi 920 cikin miliyan. Ba a yi shelar sakamakon ba, ba a bi mutanen an duba lafiyarsu ba. A 1963 Farfesa Katsuro Irukayama na Kumamoto ya sanar da cewa an ciro metil-makuri daga lakar sashen asitaldihaid kansa. Hujjar da aka ce ana jira ta zo, ba abin da ya motsa.

Abin da ya motsa gwamnati shi ne maimaituwar abin. A 1965 aka gano irin wannan cuta a bakin kogin Agano da ke lardin Niigata, ƙasa da wata masana'antar asitaldihaid ta kamfanin Showa Denko. Mutanen Niigata ba sa cin abinci a hannun kamfanin kamar na Minamata, suka garzaya kotu a 1967. A Mayu 1968 Chisso ta daina sarrafa asitaldihaid da zaiba, don an samu sabuwar hanya ta man fetur da ta fi araha. Ranar 26 ga Satumba, 1968, bayan an kashe tukunyar, gwamnati ta sanar da abin da ya jawo cutar. Ihu bayan hari.

A 1969 mutum 112 suka kai Chisso ƙara. A Yuli 1970 alƙalai suka je asibiti suka ɗauki shaidar Hosokawa yana kwance da kansar huhu. Ya ba da labarin mage mai lamba 400, ya rasu bayan wata uku. Ranar 20 ga Maris, 1973, kotun Kumamoto ta ba su gaskiya, ta soke yarjejeniyar kuɗin jaje a matsayin abin da ya saɓa wa ɗa'a, ta yanke diyyar yen miliyan 16 zuwa 18 ga kowane mara lafiya. Yoshioka da wani tsohon shugaban masana'antar an same su da laifin sakaci da ya kai ga kisa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1988. Hukuncin ɗaurin shekara biyu ne da aka jingine, babu wanda ya kwana a kurkuku.

Wane ne mai cutar?

Nan ne darasin ya fi shafar duk wanda ke nazarin gubar da ke shiga jiki kaɗan-kaɗan. Diyya ta dogara ga takardar shaida daga kwamitin gwamnati, kuma da masu nema suka yi yawa, a 1977 aka tsaurara sharuɗɗa: sai mutum ya haɗa alamomi fiye da ɗaya, mutuwar gaɓoɓi tare da tangaɗi ko tsukewar gani da makamantansu. Hoton da ke kan likitocin kwamitin shi ne na marasa lafiyar 1956 da ma'aikatan nan huɗu na Ingila, mutanen da suka kwashi guba mai yawa cikin ɗan lokaci. Rahoton da ya taimaka aka gano cutar shi ya koma rariyar tace mutane.

Wanda ya yi shekara 15 yana cin kifi mai ɗan dama-daman guba ba haka yake zuwa ba. Yana tafiya da ƙafarsa, yana magana. Abin da ke damunsa hannu da ƙafa da ba sa jin zafi ko sanyi sosai, har ya ƙone bai sani ba, ga murɗawar tsoka da dare, ƙarar kunne, ciwon kai, mantuwa, saurin gajiya, abu na suɓucewa daga hannu. Kowace ɗaya cikin waɗannan ana iya jingina ta ga tsufa, ko ciwon suga, ko giya, ko ciwon ƙashin wuya, kuma haka aka yi ta yi. Gwajin jini ko gashi ba zai taimake shi ba, domin zaibar ta fita shekaru da suka wuce, ɓarnar ce ta zauna. Awon da ya kamata a yi masa a 1960 ba a yi ba, waɗanda aka yi wa kuma ba a bi su ba. Sai ga shi hukumar da ta ƙi aunawa ita ce ke ce masa ya kawo shaida. An samu ma 'yan siyasa da suka riƙa kiran irin waɗannan mutane masu cutar ƙarya.

Zuwa Maris 2001, mutum 2,265 aka ba takardar shaida a yankin Minamata, da yawa daga cikinsu sun riga sun rasu. A 1995 an yi sulhu da ya ba sama da mutum 10,000 yen miliyan 2.6 kowanne, bisa sharaɗin su janye ƙara, kuma ba tare da an kira su masu cutar Minamata ba. Wasu da suka ƙaura yankin Kansai suka ƙi sulhun. A Oktoba 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin ƙasa da ta lardin Kumamoto suna da alhaki, domin daga ƙarshen 1959 suna da dokokin hana zubar da dagwalon a hannu suka ƙi amfani da su. Sabuwar dokar agaji ta 2009 ta tanadi yen miliyan 2.1, kuma kafin a rufe karɓar takardu a Yuli 2012 fiye da mutum 60,000 sun nema. Ka ajiye wannan adadi kusa da 2,265. Ita ma dokar ta ja layi a taswira da kuma shekarar haihuwa, kamar kifi ya san iyakar gunduma, ko masu tallansa ba sa hawa ƙauyukan kan dutse. A 2013 Kotun Ƙoli ta ce alama ɗaya ma na iya isa a ba mutum shaida. A 2023 wata kotu a Osaka ta amince da duka mutum 128 da suka kai ƙara cikin waɗanda aka bari a waje, gwamnati ta ɗaukaka ƙara.

Tekun kansa an yi masa aiki. Daga 1977 zuwa 1990 aka kwashe lakar da ta fi gurɓata, aka killace ta da bangon ƙarfe, aka binne, aka samu sabon fili mai kadada 58 wanda yanzu wurin shaƙatawa ne. Aikin ya ci yen biliyan 48.5. Ragar da aka tare bakin lungun da ita tun 1974 don hana gurɓataccen kifi fita an cire ta a 1997, bayan an ce kifin ya koma ciyuwa. Zaibar na nan a ƙarƙashin ciyawa. A Oktoba 2013 ƙasashen duniya suka amince a Kumamoto da yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba, aka sa mata sunan Minamata, ta fara aiki a Agusta 2017.

Duk ranar 1 ga Mayu ana taron tunawa a kan wannan fili, ministan muhalli yakan zo, bayan nan ya zauna da ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa. A zaman 2024 an ba kowace ƙungiya minti uku. Wani dattijo mai shekara 80 da ɗoriya yana cikin ba da labarin matarsa, wadda ta rasu a shekarar da ta gabata ba tare da an ba ta takardar shaida ba, sai minti ukun suka cika, jami'in ma'aikatar ya kashe masa makirufo. Da surutu ya yi yawa a ƙasar, ministan, Shintaro Ito, ya koma Minamata bayan mako guda ya ba da haƙuri. Cikin abubuwan da ƙungiyoyin suka zo nema ranar har da binciken lafiyar mazauna gaɓar Shiranui baki ɗaya, wanda dokar 2009 ta ce a yi, wanda kuma har ranar ba a yi ba.